Kura da shan bugu: tarihin rabon aiki daga aikin dole zuwa ajin kwantiragi

Shekaru kaɗan da suka wuce, a wata makarantar firamare ta cikin gundumar Madawa, na zauna da malamaina domin rabon azuzuwa, kamar yadda ake yi kowace shekara idan an koma lakwal cikin watan Oktoba. Ni ne darakta. Na karanta musu rabon da na riga na tsara tun daga gida. Ajin farko, mai yara 87 a cikin rumfar zana, na bai wa wata matashiyar malama 'yar kwantiragi da aka turo mana a makon. Aji shida, mai yara 24 a ɗakin siminti, na bar wa wani abokina da muka daɗe muna aiki tare. Babu wanda ya ce uffan. Da aka tashi sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce: "Mushe, don Allah ina da tambaya. Da wane ma'auni aka yi wannan rabo?" Na ce mata haka aka saba, sabon zuwa shi ke riƙe ƙananan yara. Ta ce: "To, na ji. Amma wa ya fara sabawa da shi?"

Ban ba ta amsa ba a ranar, domin ba ni da ita. Abin da ya fi damuna shi ne ni ma an taɓa yi mini irin wannan rabo, na kuma sha alwashin ba zan yi wa kowa ba. Tambayarta ce ta sa na koma na bi tarihin rabon aiki a wannan ƙasa tamu ta Adar da Majiya, na ga daga ina muka gaji wannan ɗabi'a, da kuma yadda na gabanmu suka yaƙe ta. Abin da na tarar nake so in gabatar wa 'yan uwana malamai da iyayen yara.

Kakana na wajen uwa mutumin wani ƙauye ne kusa da Keita, kuma ya yi aikin dole a zamanin Nasara. A tsarin Faransa, kowane namiji mai lafiya yana da wasu kwanaki a shekara da zai yi wa gwamnati aiki ba tare da lada ba: gyaran hanya, ɗaukar kaya, ginin bariki. A kan takarda kowa daidai yake da kowa. Amma kumandan ba ya sanin mutane da sunayensu, adadi kawai yake aika wa sarki, sarki ya raba wa masu gari, mai gari kuma shi ke nuna wanda zai tafi. Doka ta kuma yarda mai hali ya fanshi kwanakinsa da kuɗi. Saboda haka, in ji kakana, gidaje ƙalilan ne ake komawa kansu kullum, gidajen da ba su da kuɗin fansa, ba su da kowa a fada. Ya ce abin da ya fi ƙona masa rai a ranakun nan shi ne ganin sa'ansa yana zaune a inuwa yana kallon su suna wucewa. Da yawa daga mutanen ƙasar nan sun tsallaka iyaka zuwa ƙasar Sakkwato saboda gudun aikin dole da haraji, kuma ga mutumin Madawa iyakar ba nisa gare ta ba.

An soke aikin dole a ƙasashen da Faransa ta mallaka da dokar 11 ga Afrilu 1946, wadda aka sani da sunan Houphouët-Boigny, ɗan majalisa daga Kwaddibuwa. Sai dai da aka kawar da aikin da ba lada, sai wata matsala ta fito fili: aiki ɗaya, lada biyu. A watan Oktoba 1947 ma'aikatan jirgin ƙasa na Afirka ta Yamma, wajen mutum 20,000, suka shiga yajin aiki, ba su koma ba sai Maris 1948. A lokacin layin dogo bai zo Nijar ba, amma ya kamata kowane malami ya san abin da suka yi yaƙi a kansa. Mafi yawansu ana kiransu 'yan taimako. Suna tuƙi, suna gyaran inji, suna shekara da shekaru a bakin aiki, amma ba a sa su cikin sahun ma'aikatan dindindin ba, don haka ba su da gida, ba su da tabbacin gobe irin na abokan aikinsu. Buƙatarsu ita ce a yi sahu ɗaya ga duk mai yin aiki ɗaya. Duk wanda ya taɓa zama ɗan kwantiragi zai gane wannan magana ba sai an yi masa fassara ba.

Daga nan aka samu dokar Lamine Guèye ta 1950, wadda ta ce a daidaita albashi da alawus na ma'aikatan gwamnati baƙaƙe da Turawa. Ranar 3 ga Nuwamba 1952 aka yi yajin aikin gama-gari a Afirka ta Yamma, kuma ranar 15 ga Disamba na wannan shekara aka fitar da kundin dokokin ƙwadago na ƙasashen mallakar Faransa. Kundin ya kawo aikin awa 40 a mako da hutu mai albashi, ya kuma tabbatar da cewa idan yanayin aiki da ƙwarewa da abin da ake samarwa duk ɗaya ne, to lada ma ɗaya ne, ko daga ina mutum ya fito, mace ce ko namiji. Ko bayan an sa hannu sai da aka sake yaje-yajen aiki a 1953 kafin a fara aiki da shi yadda ya kamata. A Nijar, cikin jagororin ma'aikata na wancan lokaci akwai Djibo Bakari, wanda shi kansa malamin makaranta ne da ya fito daga makarantar William Ponty ta Sanagal. Darasin da na ɗauka daga waɗannan shekaru shi ne, haƙurin mai ɗauke da kaya bai taɓa rage masa nauyi ba. An samu sauƙi ne lokacin da aka ƙidaya awoyi, aka rubuta su, aka samu takardar da ma'aikaci zai iya nunawa.

Lokacin da Nijar ta samu mulkin kai a 1960, yaran da ke zuwa lakwal ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Malamai kaɗan ne, kuma suna da daraja. Shugaban ƙasa na farko, Diori Hamani, malami ne, haka ma shugaban majalisa Boubou Hama. Akwai matakai tsakanin malamai, daga cikakken malami zuwa mataimaki zuwa na ƙasa da shi, amma duk ma'aikatan gwamnati ne, kuma na ƙasa yana iya yin jarrabawa ya hau. Dattawa a Buza da Madawa har yau suna ba da labarin mushe na da, wanda idan ya shigo kasuwa ake ba shi hanya.

Kafin in zo kan yadda wannan ya rushe, bari in tsaya a Keita, domin a can na fara ganin ana auna aiki da idona. Bayan farin 1984 aka fara babban aikin raya karkara na Keita, da kuɗin ƙasar Italiya, tare da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ita kuma hukumar abinci ta duniya tana ba da abinci a madadin aiki. An jera duwatsu a kan faƙo don tare ruwa, an haƙa ramuka a jikin tsaunuka, an gina ƙananan madatsun ruwa, an dasa miliyoyin itatuwa. Mafi yawan waɗanda suka yi wannan aiki mata ne, saboda maza sun tafi cin rani. Mahaifiyata tana cikinsu, ina yaro ina bin ta da butar ruwa. Abin da nake tunawa shi ne mai littafi. Kowace safiya yana kiran sunaye, kowane gungu ana nuna masa iyakar aikinsa, kuma da abin da aka rubuta ake ba da abinci. Aikin yana da wuya, amma ban taɓa jin ta yi ƙorafi a kansa ba. Ƙorafinta yana farawa ne idan mun dawo gida, ga daka, ga ɗiban ruwa, ga itace. Takan ce: "A kan dutse an rubuta aikina. A nan gida wa ya rubuta?" Sai da na girma na gane cewa ta faɗi dukan abin da ke cikin wannan batu. Aikin da ba a rubuta ba, a kan mai rauni yake taruwa, kuma idan ya yi magana a ce masa ai kowa yana aiki.

Shekarun 1980 da 1990 sun yi wa malamai tsanani. Kuɗin yuraniyam ya faɗi, gwamnati ta shiga yarjejeniyar tsuke bakin aljihu da Bankin Duniya da Asusun Lamuni na Duniya, aka rage ɗaukar sababbin ma'aikata. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Albashi yana yin watanni bai zo ba, yajin aiki ya yi yawa, har aka yi shekarun da karatu ya tashi a banza. Ga yara suna ƙaruwa, ga ƙauyuka suna neman makaranta, ga baitulmali ba kuɗi. Sanagal ta fara ɗaukar malaman sa-kai a 1995, Nijar ta bi sahu a 1998, shekarar da aka fitar da dokar tsarin ilimi ta ƙasa. Malamin sa-kai na farko yana karɓar jika 35 a wata, kuma ko sunan albashi ba a ba kuɗin ba. Da aka shiga shirin ilimi na shekara 10 a 2003, sai suka koma 'yan kwantiragi, kuma kusan duk sabon malami ta wannan ƙofa yake shigowa. Kafin a daɗe, kimanin huɗu cikin kowane malaman firamare biyar 'yan kwantiragi ne.

Dole a faɗi gaskiya a nan. Da ba don wannan tsari ba, ƙauyuka da yawa a kan tsaunukan Buza da Keita da ba su ga malami ba. Yawan yaran da ke shiga firamare ya kusan ninkawa cikin shekara 10. Amma an sayi wannan ci gaba ne da gumin wasu, kuma sahu biyu da ma'aikatan jirgin ƙasa suka yaƙa a 1947 ya dawo cikin farfajiyar makaranta ɗaya.

Ni na shigo a 2004, bayan na gama makarantar horon malamai ta Tawa. Aka tura ni wani ƙauye a gundumar Buza, inda mota ke zuwa ranar kasuwa kaɗai. Mu uku ne a makarantar, ni kaɗai ne ɗan kwantiragi. Aka haɗa mini aji biyu a rumfa ɗaya, in bai wa waɗannan aiki su yi shiru, in juya ga waɗancan. Ni ke buɗe makaranta, ni ke cika rajista, ni ke raka yara rijiya. Idan ƙarshen wata ya yi, abokan aikina biyu su tafi gari karɓar albashi su yi kwana huɗu ko biyar, in riƙe makaranta duka. Kuɗina bai kai rabin na kowannensu ba, kuma yakan yi jinkiri har mai kanti ya daina amsa gaisuwata da fara'a. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ban taɓa tambaya ba, domin ina tsoron kada a rubuta cewa ni mai taurin kai ne, a ƙi sabunta mini kwantiragi. Wannan tsoro shi ne asalin rashin daidaiton. Mai lambar aiki idan an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa zai iya cewa a'a, gobe kuma ya wayi gari yana nan a bakin aikinsa. Ɗan kwantiragi ba shi da wannan tabbaci, don haka duk abin da wani ya ture, a kansa yake sauka.

An yi ta magana a kan wannan. A Nuwamba 2004 aka yi taro a Bamako kan malaman kwantiragi na ƙasashe masu amfani da Faransanci, aka amince cewa a riƙa ba su horo, a kuma buɗe musu hanyar zama ma'aikatan dindindin. 'Yan kwantiragi sun kafa ƙungiyoyinsu na ƙwadago, sun yi yajin aiki ba adadi a kan jinkirin biya da ba da lambar aiki. An ƙara kuɗin, an ɗauki wasu a hankali, ni ma cikinsu. A Yuli 2017 gwamnati ta yi wa malaman firamare, galibinsu 'yan kwantiragi, jarrabawar gwaji. Kusan ɗaya cikin uku ne ya samu rabin maki, kuma dubbai sun rasa aikinsu. Ba na musun cewa akwai waɗanda bai kamata su riƙe alli ba, kuma haƙƙin yaro ne ya samu malamin da ya san abin da yake koyarwa. Abin da na lura da shi kawai shi ne an auna abin da ke cikin kan malami, amma ba a auna abin da ke bisa kansa ba. Malamin da ke da yara 90 da wanda ke da 25 takarda ɗaya suka amsa.

To me doka ta ce a yau? Kundin dokokin ƙwadago na Nijar, doka mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, ya wajabta wa mai ba da aiki ya biya lada ɗaya ga aiki ɗaya ko aiki mai daraja ɗaya, ya kuma tsayar da awa 40 a mako. Ma'aikatan gwamnati na dindindin suna da tasu dokar daban, ɗan kwantiragi kuma yana da sharuɗɗan takardar da ya sa wa hannu, kuma yana da kyau kowa ya karanta tasa ya ajiye kwafi. Akwai kuma shawarwarin da hukumar ƙwadago ta duniya da UNESCO suka fitar ranar 5 ga Oktoba 1966 kan matsayin malamai, ranar da ta zama ranar malamai ta duniya. A cikinsu an ce kada aji ya yi yawan da malami zai kasa kula da kowane yaro, kuma idan za a tsayar da awoyin malami a duba yawan yaransa da lokacin shirya darasi da gyaran littattafai, a kuma shawarci ƙungiyoyin malamai. An ce a yi tanadi na musamman ga masu aiki a ƙauyuka masu nisa.

Sai dai duk waɗannan ba su gaya wa darakta wa zai bai wa rumfa, wa zai bai wa siminti ba. Wannan rabo a hannunmu yake, kamar yadda zaɓen mai tafiya aikin dole yake a hannun mai gari. Kuɗin ɗan kwantiragi daga Yamai ake tsayar da shi, amma nauyin da yake ɗauka a kullum mu muke ɗora masa. Don haka haƙƙin da malami zai iya riƙewa tun yau shi ne a yi rabon azuzuwa a zaman malamai, a rubuta shi da yawan yaran kowane aji da sauran ayyukan makaranta, kowa ya gani. Idan bai gamsu ba, ya nemi a rubuta ƙorafinsa cikin littafin zaman, ya kai ga mai ba da shawara kan koyarwa na yankinsa, daga nan ga mai duba makarantu, tare da wakilin ƙungiyarsa. Ƙorafin baki a gindin bedi iska ke tafiya da shi. Kada kuma mu mai da tsofaffin malamai abokan gaba. Aji shida yana da nasa nauyi, ga shirin jarrabawa, ga darussan yamma, kuma mai shekara 55 ba zai yi tsallen da ajin farko ke buƙata kamar mai 25 ba. Duk wannan ana iya sa shi a ma'auni, muddin ma'aunin a fili yake.

Iyaye ma suna da hannu a ciki, kuma tarihin jiharmu ya ba su hujja. A jihar Tawa aka fara shirin "makaranta ta kowa" a 2004 tare da hukumar haɗin gwiwa ta Japan, inda mutanen gari ke zaɓen 'yan kwamitin kula da makaranta da ƙuri'ar sirri, kafin a yaɗa tsarin a ƙasa baki ɗaya. Wannan kwamiti yana gina rumfuna, yana sayen alli, yana da ikon tambaya. Uban da ɗansa ke ajin farko ya kamata ya san yara nawa ne a ajin, kuma malami nawa ne suka riƙe shi cikin shekara. A ajin farko yaro ke koyon haɗa baƙi. Idan muka ci gaba da bai wa malamin da ya fi kowa ƙarancin gogewa ajin da ya fi kowane cika, a ɗakin da ya fi kowane muni, to yaranmu muke cuta, kuma sakamakon zai biyo su har aji shida.

Bayan mako biyu na sake kiran zama. Na rubuta a allo sunan kowane aji, da yawan yaransa, da littattafan da ake gyarawa a mako, da sauran ayyuka: rajista, tsabtar fili, tsaron yara lokacin hutu, zuwa taron iyaye. Da aka ga lissafin a tsaye, babu wanda ya iya kare rabon farko, har ni da na yi shi. Kwamitin iyaye ya kafa rumfa ta biyu, aka raba ajin farko gida biyu, na ɗauki rabi na haɗa da aikin ofis. Abokina ya karɓi rajista da tsaron hutu, ya kuma yi wata guda yana gaishe ni a taƙaice. Kuɗin malamar bai ƙaru da ko dala ba, kuma a wannan shekara ma sai da ya yi jinkiri. Wannan ya fi ƙarfina, yaƙi ne na ƙungiyoyi da gwamnati, kuma bai ƙare ba. Amma yara 44 ta koyar a maimakon 87, kuma kafin hutun damina mafi yawansu suna karanta gajeren layi.

Oktoba na tafe. Ina roƙon 'yan uwana daraktoci a Madawa da Buza da Keita, kafin ku karanta rabon da kuka tsara a gida, ku rubuta shi a allo da alƙalumansa, ku bar ƙaramin malami ya fara magana. Iyaye kuma, idan an kira taron farko, ku tambayi yawan yaran kowane aji da wanda aka ba shi. Allah ya ba mu ikon yin adalci ga waɗanda ke ƙarƙashinmu.